Garkar Makaranta da Na'urar Auna Danshi: Darasin da Tanki Ɗaya Ya Koya Mana a Damargu



Duk malamin da ya taɓa riƙe garkar makaranta a Damargu ya san yadda labarin yake ƙarewa. A watan Nuwamba a tayar da fangula, a zuba taki, a dasa salati da shu da tumatir, yara suna ta murna. Zuwa tsakiyar Disamba wurin ya yi kore shar, har masu wucewa da amalanke su tsaya su leƙa ta saman darni. Sai hutun ƙarshen shekara ya zo. Malamin da ba ɗan garin ba ne ya hau mota ya nufi gida, yaran da aka ɗora wa ban ruwa su zo kwana biyu, rana ta uku a aike su kiwo ko rijiya. Ranar da aka dawo sai a tarar da karmami. Ni kaina sau uku ina ganin haka da idona, kuma kowane karo abin da ya fi ci mini rai fuskar yaran ce, domin darasin da suka ɗauka shi ne aikin makaranta wahala ce da ba ta haifar da komai.

Shekara 19 ke nan ina koyarwa a makarantun firamare na gundumomin Tanut da Belbeji, tun bayan da na fito daga makarantar horon malamai ta Damagaram. Ba injiniya ba ne ni. Amma shekara biyu da suka wuce mun haɗa wata ƴar na'ura a garkar makarantarmu, wadda take auna danshin ƙasa ta buɗe ruwa ko ta rufe da kanta. Ra'ayina a yau shi ne ya kamata makarantunmu su koyar da wannan sana'a, bisa sharaɗi ɗaya: yara da malamai su haɗa ta da hannunsu, su san cikinta, su iya gyara ta. In kuwa za a kawo ta ne a kwali, a ɗauki hoto a tafi, gara a bar mu da bokitinmu.

Bari in fara da ƙasar da muke zaune a kanta, domin ita ce take yanke hukunci.

Damargu ƙasar hatsi ce tun zamanin ayari, lokacin da raƙuman Abzinawa suke sauka su ɗauki gero su haura arewa. Sai dai ruwan samanmu kaɗan ne. A yawancin shekaru abin da yake sauka a kewayen Tanut bai wuce milimita 200 zuwa 300 ba, cikin wata uku ko ƙasa da haka. Na ƙarƙashin ƙasa kuma yana da nisa: rijiyoyi da yawa sun haura mita 50, sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi ko sa igiya kafin wasaki ya fito. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura mutane noman rani, kowace gwamnati tana maimaita kiran. Shirin 3N na 2012 ma a kan ban ruwa ya dogara ƙwarai. Kiran yana da kyau, amma wanda yake Mirya ko Matamai, inda ake tona ƴan mitoci a samu ruwa, ba lissafi ɗaya yake yi da mu ba. Mu a nan kowace lita an sha wahala kafin ta iso, kuma tana da masu jiran ta: tukunyar gida, garken makiyayi, sannan garka.

Ga lissafin da nake so kowane ɗan aji shida ya iya. Milimita ɗaya ta ruwa daidai take da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Kayan garka a lokacin sanyi suna shan wajen lita 5 zuwa 6 a kowace murabba'in mita kullum. In bazara ta kama, a watan Afrilu, abin yakan kai lita 8 ko 9. Garkarmu fangali 20 ce, kowanne mita ɗaya a mita uku, wato murabba'in mita 60. A watan Janairu ke nan bukatarta ba ta wuce lita 300 zuwa 360 ba a yini, kimanin bido 13 ko 14 masu cin lita 25. Amma da muka fara rubuta abin da yara suke zubawa, sai muka ga bido 18 ne, wata rana 20. Ina sauran suke tafiya? Ƙasarmu jigawa ce, yashi ba ya riƙe ruwa kamar laka. In ka kwarara masa da yawa lokaci guda, sai ya zarce ƙasa inda saiwar salati ba ta kai ba, ya tafi da takin ma. Zuwa azahar kuma saman ya bushe ƙayau, shukar ta langaɓe, mai ban ruwa ya ce bai ba ta isasshe ba, gobe ya ƙara. Yashi kaɗan-kaɗan yake so, sau da yawa. Wannan kuwa shi ne abin da yaro mai darasi da ƙarfe takwas ba zai iya yi ba.

Kuma mu faɗi gaskiya a kan wanda yake ɗaukar bidunan nan. Ƴan mata ne. Da safe sun yi wa gida ɗiban ruwa, su zo makaranta a sake miƙa musu bido da sunan darasin ayyukan hannu, wanda manhajarmu take kira APP. Na sha ganin yarinya tana gyangyaɗi a darasin lissafi, na san kuma ni na sa ta.

To, mece ce na'urar?

Abu huɗu ne. Na farko ma'aunin danshi, ɗan falle ne kamar tsinken awon zafin jiki amma mai faɗi, ana soke shi a ƙasa daidai zurfin saiwa. Na biyu ƴar ƙaramar kwamfuta wadda ba ta kai tafin hannu ba. Tamu sunanta Arduino. A garin Ivrea na ƙasar Italiya aka ƙirƙiro ta a 2005, domin ɗalibai waɗanda ba su karanci lantarki ba su samu abin koyo mai araha. Akwai wata mai suna ESP32 da ta fito a 2016, wadda take iya magana da wayar salula. Na uku makunni, wanda yake karɓar umarnin kwamfutar ya ba da wuta. Na huɗu makullin ruwa mai aiki da lantarki, a bakin tanki. Sai ƙaramin faifan hasken rana da batir mai bolt 12. Daga tankin tiyo ne mai ƙananan huji yake bin fangula yana ɗiga wa kowace shuka a gindinta.

Ma'aunin ba ya cewa "ƙasa ta bushe". Lamba yake bayarwa, tsakanin 0 da 1023. Mutum ne zai koya wa kwamfutar ma'anar lambar, kuma nan ne darasin yake. Yara suka cika kwano da busasshen yashin garkarmu, suka soka ma'aunin, muka rubuta lambar. Suka jiƙa shi sharkaf suka bari ya tsane, muka sake rubutawa. Sannan muka kira wani dattijo mai garka a bakin tabki, ya damƙi ƙasa a hannunsa ya ce mana, "Malam, in ta kai haka, shuka ta fara jin ƙishi." Muka auna wannan ƙasar, lambar da ta bayar ita ce muka sa a matsayin iyakar buɗe ruwa. Hannun tsohon ne ya shiga cikin kwamfutar, kuma yaran sun ga haka da idonsu. Rubuta umarnin kansa wani abokina malamin kimiyya a kwaleji ne ya taimaka mana; bai kai layi 40 ba, muka fassara kowane layi da Hausa a allo.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijar. Wani ɗan ƙasarmu, Abdou Maman Kané, ya ƙirƙiro tsarin da manomi zai kunna ban ruwan garkarsa ko ya kashe ta wayar salula daga duk inda yake, da wutar hasken rana. Ya ci kyautar kamfanin Orange a 2011, sannan a 2015 aka ba shi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan II na Maroko, ta dalar Amurka 100,000, a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. A Sadore kusa da Yamai kuma, cibiyar ICRISAT ta daɗe tana gwada ban ruwa na ɗigo daga tanki mai ɗan tudu, ba tare da inji ba, domin ƙananan masu garka. Ina gaya wa ɗalibaina waɗannan sunaye da gangan. Yaron da yake tsammanin duk abin da yake da waya da batir daga Sin ko Faransa tunaninsa ya fito, yana bukatar ya ji cewa wani mai suna Abdu ya yi.

Yanzu bari in ba ku labarin kunyar da muka sha, domin wanda ya ɓoye faɗuwarsa bai kamata a saurari nasararsa ba.

Ma'aunin da muka fara saye mai ƙafa biyu ne na ƙarfe, mafi araha a kasuwa. Irin wannan yana tura wuta ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya, kuma wutar da danshin suna cinye ƙarfen sannu a hankali. Ba mu sani ba. Bayan sati biyar ƙafafun suka zagwanye, wuta ta daina wucewa, kwamfutar kuwa in wuta ba ta wuce ba abin da ta sani shi ne ƙasa ta bushe. Ta buɗe ruwa ran Juma'a da yamma, ba ta rufe ba. Tankinmu lita 1,000 ne, ranar mai amalanke ya cika shi da kuɗin da iyaye suka tara. Asabar da safe na zo na tarar da tanki wayam, fangula sun zama taɓo. A taron kwamitin kula da makaranta wani uba ya miƙe ya ce, "Malam, da ƴaƴanmu ne suka zubar da wannan ruwa da ka dake su. Ita wa zai daka?" Aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa, kuma ban sami amsa ba.

Amsar daga aji ta fito. Ran Litinin na zana abin da ya faru a allo na tambayi yara me za mu yi. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, in innarta ta aike ta rijiya takan ce mata ko ta samu ruwa ko ba ta samu ba, ta dawo kafin la'asar. Me zai hana a gaya wa na'urar haka? Abin da muka yi ke nan. Muka ƙara layi uku: kada ruwa ya wuce minti 40 a buɗe, kada a buɗe fiye da sau uku a yini, ko me ma'aunin ya ce. Muka kuma canza ma'aunin zuwa irin wanda ƙarfensa a lulluɓe yake, ba ya taɓa ƙasa, muka shafe kansa da gam domin kada ruwa ya shiga. Injiniyoyi suna da suna na musamman ga irin wannan shinge, yarinyar ba ta san sunan ba, amma ita ta gano shi.

Akwai sauran tuntuɓe. Makullin ruwa na farko ya ƙi buɗewa sosai, domin irinsa yana son ruwa mai ƙarfi kamar na famfon birni, tankinmu kuwa mita ɗaya da rabi kawai muka ɗaga shi a kan bulo. Sai da muka nemo mai ɗan inji a ciki wanda yake murɗa kansa. A nan yara suka koyi cewa ƙarfin ruwa daga tsawon da ya gangaro yake zuwa. Ƙurar hunturu takan rufe faifan hasken rana, batir ya yi sanyi, don haka goge shi ya shiga jerin aikin shara. Zafin bazara yana kashe batir da wuri, sai muka yi masa ɗan ɗaki na laka mai iska. Hujin tiyo yana toshewa da yashi in ba a tace ruwan ba. Ɓera ya taɓa cin waya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a warware daga Yamai.

Sakamakon fa? Littafin da yara suke rubutawa ya nuna a watan Janairu tanki ɗaya yana kai mu kwana uku, wato wajen lita 330 a yini, maimakon 450 zuwa 500 na da. Wannan bai yi nisa da ƙiyasin hukumar abinci ta duniya, FAO, ba, wadda take lissafa cewa a ban ruwa na kwararawa kashi 60 cikin 100 ne yake amfanar shuka, a na ɗigo kuwa kashi 90. Ku lura da kyau: yawancin ribar daga tiyon ɗigo ta zo. Abin da na'urar ta ƙara shi ne ban ruwa a kan lokaci, da asuba da yamma, ran Asabar da Lahadi, da kwanakin hutu. A karon farko garkarmu ta tsallake hutun Disamba da ranta. Mai amalanke yana zuwa duk kwana uku, wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata tana riƙe da makullin darni tana duba tanki. Muka ci salati da tumatir, muka sayar da saura, kuɗin ya biya ruwan wata guda da alli.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an faɗa mini a fuska.

Na farko, wani abokin aiki ya ce: muna da azuzuwan zana, yara suna zaune a ƙasa, ɗan aji biyar bai iya karanta sunansa ba, kai kana zancen kwamfuta? Maganarsa tana da nauyi. Ba wanda ya manta gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin aji na bulo da na'ura, aji zan zaɓa ba tare da na yi tunani ba. Amma kayan lantarkin da muka saya gaba ɗaya, ban da tanki da tiyo, ba su kai kuɗin buhun hatsi biyu a lokacin bazara ba, kuɗin da ba zai gina ko kusurwar aji ba. Sannan ban taɓa samun abin koyar da lissafi kamar littafin garkar nan ba. Ninkawa, rabawa, murabba'i, lita, kashi cikin ɗari, zana jadawali, duk suna ciki, kuma yaro ya san in ya yi kuskure tumatir ne zai mutu. Yaran da suke gudun allo su ne suke rigen zuwa karanta lambar safe. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ana ta tambaya ko za a iya koyar da kimiyya da ita. Mu mun gwada a gindin tanki, ta yi.

Na biyu, wasu iyaye sun ce za mu koya wa yara lalaci, su manta aikin hannu. Wannan tsoro na fahimce shi. Shi ya sa a garkarmu fangali huɗu ba a haɗa su da tiyo ba, da hannu ake ba su ruwa, kuma kafin yaro ya karanta lamba sai ya damƙi ƙasa ya faɗi abin da yake tsammani, sannan a duba wa ya yi daidai. Akwai kuma fangali ɗaya da muka binne tulu marar shafe a tsakiyarsa, ruwa yana tsattsafowa ta jikinsa gwargwadon bushewar ƙasa. Tulun nan shi ma ma'aunin danshi ne da makulli a haɗe, ba batir ba waya, kuma maginan tukwane na garinmu suke yin sa. Yaron da ya ga hanyoyi uku gefe da gefe ya fi wanda ya san ɗaya. Nome ciyawa, dashe, haɗa taki, kashe tsutsa, duk suna nan suna jiran hannu. Abin da aka ɗauke wa yara ɗaukar bido ne kawai, kuma ban ga ilimin da yake cikin ɗaukar bido ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma ba wanda ya faɗa mini shi, ni na gani. Na'ura ba ta haifar da ruwa. Mutum in ya ga lita 330 ta ishe shi maimakon 500, ba ya barin sauran a rijiya, sai ya ƙara fangali goma. In kuma aka haɗa da famfo mai aiki da hasken rana, wanda ba ya cin mai, babu abin da zai tsayar da shi. A jihar Punjab ta Indiya, inda aka ba manoma wutar ban ruwa kyauta, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta ja da baya shekara da shekaru. Mu kuwa a bakin iyaka muke. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bar abin da yake sama da layin ga makiyaya, kuma rijiyoyinmu da tabkunanmu tare muke sha da Fulani da Buzaye da Larabawa masu dabbobi. Garkar da ta shanye tabki kafin watan Maris, ko ta tare hanyar mashaya da darni, rigima ta shuka, ko da kwamfuta goma take aiki. Saboda haka darasin farko kafin a taɓa waya shi ne: ruwan nan nawa ne, na wa ne, wa zai rasa in mun ɗiba? A sa wa garkar makaranta iyakar lita a yini, a rubuta a bango, mai gari da wakilin makiyaya su sani. In za a faɗaɗa, a bi ta kwamitin filaye na gari.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa ban ruwa zai maye gurbin gero a Damargu. Ba zai yi ba. Cikinmu a kan damina yake, da tassa, da rabin wata, da barin ƴan itatuwa su tofo a gona, da itatuwan da ba su bukatar ban ruwa sam. Ƙungiyar Eden ta shafe shekaru a Dalli kusa da Tanut tana nuna cewa itatuwan dajinmu masu ba da abinci, irin su anza, ana iya shuka irinsu kai tsaye su rayu da ruwan sama kaɗai. Garka mahaɗi ce: ganye a tukunya lokacin rani, ɗan kuɗi a hannun mata, a wuraren da ruwa ya yarda, kamar bakin tabkuna da wasu sassan kwarin Tarka.

To me ya sa na dage? Saboda hanyar da ta ratsa garinmu. Kowa ya san inda titin Damagaram zuwa Agadas yake kai samarinmu: Libiya, Aljeriya, ramukan zinariya na Jado da Cibarkaten tun 2014. Na koyar da yaran da yau ban san ko suna raye ba. Matatar man SORAZ tana cikin gundumarmu tun 2011, amma yaro nawa daga ƙauyukanmu yake da sana'ar da za ta shigar da shi irin wannan wuri? A halin yanzu faifan hasken rana yana ko'ina, a rijiyoyin burtsatse, a asibitocin ƙauye, a shagunan cajin waya. In ya lalace sai a jira mai gyara daga birni, sati biyu, wata guda, mata su koma jan igiya. Yaron da ya san bambancin waya mai wuta da marar wuta, ya iya riƙe ma'aunin lantarki, ya iya bin matsala daki-daki har ya gano ta, yana da abin ci a garinsu. Ba na cewa na'urar garka za ta hana kowa tafiya. Ina cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma makarantarmu ta daɗe tana sallamar yara da ciki wayam ta wannan fuska.

Ga abin da nake roƙo.

Ga ƴan uwana malamai: kada ku fara da sayen komai. Ku fara da littafi da bido. Wata guda cur yara su rubuta ruwan da ake zubawa kullum, su lissafa abin da ya kamata. Shekara ta biyu ku ɗaga duro ko tanki, ku ja tiyon ɗigo, yaro ya riƙa buɗewa da hannu. Sai in wannan ya zauna sannan na'ura ta shigo. Wanda ya tsallake matakan nan biyu zai sha irin kunyar da na sha, ko fiye. In kun haɗa, ku sayi ma'auni biyu ku ajiye ɗaya, ku bar famfon hannu a gefe domin ranar da ta ƙi, ku rubuta yadda aka haɗa komai da Hausa a littafin da zai zauna a makaranta. Mu ma'aikata ne, gobe ana iya canza mana wurin aiki; garka kada ta bi mu. Kuma ku duba hannun wa sukurdireba take. In ba ku sa ido ba, maza za su kama waya, a bar wa mata tsintsiya.

Ga iyaye: ku zo ku gani, ku yi tambaya mai zafi kamar wadda aka yi mini. Kuɗinku ne, ruwanku ne. Wanda ya iya garka a cikinku ya ba mu awa ɗaya a wata, domin abin da yake hannunsa babu shi a littafinmu. Kuma in ƴarku ta dawo gida tana zancen waya da batir, kada a ce mata wannan ba na mata ba ne. Ku tuna wadda ta ceci tankinmu.

Ga masu duba makarantu da makarantun horon malamai: darasin APP ya daɗe yana zama lokacin shara da ɗiban ruwan malam. Sati ɗaya na horo ya isa malami ya iya abin da na ɗauki shekara ina lalube. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da makarantun koyon sana'a suna da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. A turo su ƙauye su haɗa tare da yaranmu, su ma su koyi abin da ƙura da zafi suke yi wa kayan da suka sani a takarda.

Ga ƙungiyoyi masu kawo taimako: mun gode, amma zanen aro ba ya rufe katara. Ƙauyukanmu cike suke da kayan da aka kawo da bikin buɗewa, suka mutu bayan wata shida saboda wani ɗan abu na jaka biyu da ba wanda ya san sunansa. In za ku ba mu, ku ba mu a warwatse, da kayan canji, da mai koyarwa.

Yarinyar nan tana kwaleji yanzu a Tanut. Ranar kasuwa ta biyo ta makaranta, ko gaisuwa ba ta gama ba ta wuce garka, ta durƙusa ta damƙi ƙasa, ta leƙa lambar, ta ce mini ma'aunin ya yi kusa da bakin tiyo, shi ya sa yake rufe ruwa da wuri fangalin ƙarshe bai ƙoshi ba. Na duba, haka ne. Muka matsar da shi taƙi ɗaya.